Nomau da Ƙaramar Tukunyar Inna

A ƙauyen Kukar Maje, can bayan tsohuwar rijiya, akwai wani gida mai zaure ɗaya da bishiyar zogale a bakin katanga. Mutum uku ne a gidan: Inna Kulu, da ɗanta Nomau, da matarsa Lantana. Sai kuma Kawu Sallau, ƙanin Inna, wanda katanga ce kawai ta raba gidansa da nasu, amma kusan a nan yake yini, don a nan ne ake samun abin dariya.

Inna Kulu mai alkaki ce. Duk amaryar da aka kai wa gara a yankin, in an buɗe kwalla aka ga alkaki ya yi ja yana ƙyalli da zuma, ba a tambayar hannun wa ya yi. Mijinta ya daɗe da rasuwa, da kaskon suyar nan ta riƙe gidan.

Shi kuwa Nomau ba mahaukaci ba ne. Manomi ne na ƙwarai, ba ya ƙarya, ba ya faɗa da kowa. Abu ɗaya ne da shi: yadda aka ba shi magana haka yake ɗaukarta, ba ya ƙara mata, ba ya rage mata. Yana yaro an taɓa ce masa ya tsare ƙofa kada akuya ta fita ta nan. Ya tsare ƙofar da kyau, akuyar ta haura katanga yana kallonta. Da yake shi ne ɗan fari, Inna ba ta kama sunansa, ba ta ma cika yi masa magana kai tsaye ba. In tana da saƙo sai ta ba Lantana, ko da yana tsaye a gabanta, ta ce, "'Yar nan, gaya wa wancan."

Lantana damina biyu ke nan da kawo ta gidan. Ba ta da yawan magana, idonta ne ke aiki. Ita ta fara lura ruwan randar Inna ba ya kai la'asar, da yawan zagayen da take yi, da kuma ƙayar da ta soke ta a babban yatsan ƙafa tun lokacin girbi, wadda har aka shiga rani wurin bai rufe ba. Da ƙyar aka lallaɓa ta zuwa asibitin sha-ka-tafi na garin gaba. Malamar asibitin, Malama Rakiya, ta soki yatsan hannun Inna, ta ɗiga jinin a wata 'yar na'ura, ta duba.

"Inna, ciwon sukari ne," in ji ta. "Ba ya barin mutum, amma ana zama lafiya da shi in an gyara cin abinci. Gyambon nan shi ya fi damuna. In sukarin bai sauka ba, ba zai rufe ba. In kuwa ya ci gaba da cin nama, sai birni, can kuma yatsan suke cirewa, wani lokacin har da ƙafar."

Daga nan ta waiga tana neman wanda za ta yi wa bayanin abinci. Lantana ta ja mayafi ta laɓe a bayan Inna. Sai Malama ta dubi Nomau da ke tsugune ya zuba mata ido kamar zai haɗiye maganarta, ta ce a ranta ga mai natsuwa. Lantana ta san an yi kuskure, amma bakinta ya ƙi buɗuwa.

Wata rana, wato ranar farkon nan, Malama ta ce da shi, "Daga yau kada sukari ya ƙara kwana a gidanku."

"To, Malama."

Da rana ta yi sanyi Nomau ya shiga ɗakin Inna ya kwaso buhun sukari da tulun zuma da curin mazarƙwaila, ya jera su a dakalin ƙofar gida. Lantana ta ji daɗi a ranta, ta ce ashe wannan karon ya gane. Gari na wayewa, yana dawowa daga masallaci, sai ga shi da buhun a kafaɗa yana shigowa.

"Maigida, ina za ka da shi?"

"Ciki mana. Ai ya riga ya kwana a waje."

"To amma..."

"Malama ba ta hana shi yini ba."

Haka aka yi ta yi, da yamma a fitar, da safe a shigar. Kawu Sallau ya sa wa buhun suna mai gadi, kullum da safe sai ya gaishe shi, ya tambaye shi ya sauro. Kiyashi suka yi layi daga dakali har zaure, yaran unguwa suka rarake curin mazarƙwaila ya koma kamar bakin tsoho. Inna kuwa, da rana, tana zuba abinta a koko ba wanda ya ce mata kanzil. Sai da Lantana ta tattara duk ƙarfin halinta ta ce, "Maigida, ni a ganina nufin Malama a rabu da shi gaba ɗaya." Nomau ya yi tsai, ya ce, "To me ya hana ta faɗi haka?" Aka kwashe kayan aka kai wa wata maƙwabciya da Inna ta koya wa sana'ar, har da kaskon. Inna tana zaune a ƙofar ɗaki aka wuce da kaskon ta gabanta. Ta dai ce a miƙo mata carbinta.

Wata rana suka koma asibiti, Malama ta ce, "Tuwo, na dawa ne ko na masara, kada ya wuce dunƙulen hannunta."

Da aka kwashe tuwon dare tun da sauran haske, Nomau ya karɓi malmalar Inna da mara a hannu, ya je ya durƙusa a ƙofar ɗakinta.

"Inna, dunƙula hannunki."

"'Yar nan, gaya wa wancan ya tashi mini daga ƙofa."

Lantana ta gaya masa. Bai tashi ba.

"Inna, dunƙulawa kawai za ki yi."

Ran Inna ya ɓaci, ta manta da kunyar ɗan fari, ta ɗaga hannu a dunƙule ta ce, "Wallahi in ba ka ba ni wuri ba..."

"Yauwa! Tsaya haka, kada ki motsa!"

Ya kanga malmalar kusa da hannun, ya rufe ido ɗaya, ya shiga sassabe ta da mara har ta zo daidai. Kawu yana leƙe ta saman katanga, dariya ta sa ya kusa rikitowa. Inna ta ci ɗan tuwonta tana tsaki. Amma wadda ta yi shekaru tana ciniki da dillalan biki ba a yi mata haka ta kwanta. Washegari da ya zo da mararsa, ta ce, "'Yar nan, tambayar mini wancan, hannu nawa Allah ya ba ni?"

"Biyu, Inna," in ji Nomau.

"To wanne daga ciki Malamar ta ce a bari da yunwa?"

Nomau ya dubi hannun dama, ya dubi na hagu. Ya ga lallai ba a ambaci ko ɗaya ba. Ya koma madafa ya auno malmala ta biyu. Lantana ta ga Inna ta kau da kai tana danne murmushi, murmushin farko tun da kaskon ya fita, sai ta ƙyale su, ko da yake ta san ba daidai ba ne. Sai da aka koma asibiti Malama ta ɗaga masa yatsa ta ce, "Hannu ɗaya, Nomau. Ɗaya tak."

"Na dama ko na hagu?"

Wata rana Malama ta ga ya kamata ta sauƙaƙa masa. Ta ce, "Ka ga kwanon da take cin abinci? Ka raba shi biyu. Rabi ganye: zogale, rama, alayyafo, kabeji, duk wanda aka samu. Ɗaya rabin kuwa ɗan tuwon nan da wake ko kifi."

Inna ba a kwano take ci ba, a wani baƙin akushi take ci, wanda ya sha hannu har yana sheƙi. Na marigayi mijinta ne, a ciki ta riƙa zuba masa tuwo tun tana amarya. Lantana ta tafi rijiya, kafin ta dawo Nomau ya ɗauki akushin ya kai wa kafinta. Kafintan ya tambaye shi sau biyu ko ya tabbata, ya ce umarnin asibiti ne. Aka sa zarto.

Ya dawo da ɓari biyu yana murna, ya zuba zogale a ɗaya, tuwo da miyar kuka a ɗaya. Kafin ya kai ƙofar Inna miyar ta tsiyaye ta gefen da aka yanka, ta bi hannunsa har gwiwa. Kawu ya fara dariya, sai ya ga fuskar yayarsa, ya haɗiye sauran. Inna ta karɓi ɓarin biyu, ta juye abincin a faifai, ta goge su da bakin zaninta. Ta haɗa su ta riƙe a cinyarta, ta daɗe tana kallon tsagar. Sannan ta tura su ƙarƙashin gado.

Nomau ya biyo Lantana madafa. "Na yi ba daidai ba ne?"

"Abin da aka ce ka yi, Maigida."

"To me ya sa Inna ba ta zage ni ba?"

Lantana ta sunkuya ta ci gaba da iza wuta. Ranar a zaure ya yini, bai je gona ba. Daga ranar ne kuma ta samo wata ƙaramar tukunya ta ware wa Inna, ta riƙa yi mata nata girkin dabam, tana kai mata a 'yan kwanuka biyu.

Wata rana, bazara ta kankama, Malama ta ba da sabon magani ta yi gargaɗi. "Ƙwayar nan takan sauke sukarin fiye da kima, musamman in ba ta ci abinci ba. In ka ga tana gumi tana rawar jiki, maza ka ba ta dabino biyu ko uku."

Nomau ya cika aljihunsa da dabino. Abin da Malama ba ta lura ba shi ne Inna ma ta ji.

Tun daga washegari Inna ta ga ya kamata ta riƙa taya surukarta iza wuta. Da tsakar rana, lokacin da ko kaji sun nemi inuwa sun buɗe baki, sai ta jawo kujera 'yar tsugune ta zauna gab da murhu. In gumi ya karyo mata, sai ta ɗaga hannu ta ɗan karkaɗa shi.

"Gumi! Ga kuma rawar jiki!" Nomau ya taso da gudu yana lalube a aljihu.

Inna ta tauna dabinonta a hankali, ta tofar da ƙwallon, ta ƙara matsawa kusa da wuta.

Da yamma Nomau ya gaya wa Kawu cewa yau Allah ne kaɗai ya san sau nawa ya ceci Inna. Kawu ya share goshinsa, ya shiga kakkarwa yana miƙo hannu. Nomau ya dube shi ya ce, "Kai ba a ce da kai ba, Kawu."

Lantana ce ke wanke gyambon da ruwan ɗumi safe da yamma. Ita ta ga bakinsa ya fara duhu, ta kuma ji ya soma wari. Ta naɗe shi da tsumma mai tsabta. Da suka je asibiti na'urar ta nuna abin da ya sa Malama ta ajiye ta a tebur ta ce, "Me take ci?" Nomau ya ba da labari tiryan-tiryan, har da murhun. Malama ta dafe kai. Ta yi masa bayanin irin gumin da take nufi, mai sanyi, wanda ke zuwa da jiri ko mutum yana inuwa. Sannan ta jawo kujerarta kusa da Inna ta rage murya.

"Inna, ɗanki ba shi da wahalar yi wa wayo, kowa ya sani. Amma yatsan nan ba ya jin wayo. In sabon wata ya kama ban ga sauyi ba, zan tura ku birni."

Suka kama hanyar gida.

Wata rana 'yar Kawu Sallau ta haihu, aka sa suna. Inna ita ce babbar gwaggo, ba yadda za a yi ta ƙi zuwa. Kawu, da yanzu tsoro ya kama shi shi ma, ya ja Nomau gefe ya ce, "Ɗan nan, yau gidan nan zaƙi zai yi ambaliya. Duk abin da aka miƙa wa Yaya kada ka bari ya kai bakinta. Ko a cikinka ne ka ɓoye shi."

Da hantsi mata sun cika tsakar gida, sai aka ji sallamar namiji. Nomau ya ratsa su yana ba da haƙuri, ya tsuguna kusa da tabarmar uwarsa. Aka miƙo wa Inna lemon kwalba, ya karɓe ya ɗaga kai ya shanye. Aka miƙo kunun zaƙi, ya shanye. Aka kawo alkaki da nakiya da cincin, ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Da 'yan matan gidan suka gane abin da ke faruwa, sai suka mai da shi wasa, kowa ta ɗauko abin da ke gabanta tana cewa, "Gwaggo, ga naki!" Nomau yana gumi yana haɗiya, idanunsa sun firfito.

Wata tsohuwar ƙawar Inna ta riƙe baki ta ce, "Oh ni, duniya! Kulu mai alkaki, yau ke ake kora daga alkaki kamar akuya daga shanya?"

Aka kwashe da dariya. Ba da mugunta ta faɗa ba, amma Lantana, daga inda take wanke kwanuka, ta ga yadda Inna ta sunkuyar da kai. Ta kuma ga idon Inna ya tsaya a kan alkakin da ke tire, na maƙwabciyar nan, fari fat, bai ji wuta ba, bai sha zuma ba. Da can da tuni ta kira mai shi ta gyara mata. Yau ta dube shi kawai. Kafin la'asar ta yafa mayafinta ta ɗingisa gida. Nomau kuwa sai da samari biyu suka riƙo shi, yana dafe da ciki yana nishi, yana tambayar ko an tabbata ba abin da ya kai bakin Inna.

Daga ranar sunan nan Inna ta daina fitowa tsakar gida. Kwanukanta suka fara dawowa kamar yadda aka kai su. Lantana tana dafa tukunya biyu. Babbar ta ita da mijinta, shinkafa da wake da mai da yaji, ko tuwo da miyar da ta ji daddawa, ƙamshinta yana bin iska har ɗakin Inna. Ƙaramar kuwa da tsoro take dafa ta. Malama ta ce a rage mai da gishiri, sai ita ta cire su ɗungurungum. Ta ɗauki daddawa, ta tuna ba wanda ya ce an yarda da ita, ta mayar. Haka yaji, haka albasa. Acca da wake da zogale take tafasawa a ruwa zalla. Sau ɗaya ta taɓa ɗanɗanawa, ta yamutsa fuska, ta ce a ranta abincin magani ai dole haka yake.

Inna tana ramewa, tana shan ƙwaya a kan cikin da ba komai. Gyambon bai ƙaru ba, bai kuma ragu ba, wata kuwa yana ta ƙarewa. Lantana tana gani. Takan tsaya a ƙofar ɗakin da kwanukan a hannu, maganar ta zo mata har maƙogwaro, sai ta ce, "Sannu, Inna," ta juya.

Wata rana Nomau ya dawo daga gona ya tarar da kwanukan a rufe a bakin madafa. Ya ɗauke su ya koma ƙofar Inna ya durƙusa.

"Inna, Malama ta ce kada ki sha magani ba ki ci abinci ba."

Ya ƙara matsawa kusa da labule.

"Inna, ki ci."

Daga cikin ɗakin muryar Inna ta fito, a gajiye, da ɗaci a cikinta. "'Yar nan, gaya wa wancan na gode. Kuna can kuna cin na mutane, ni an ware mini tukunya kamar mai kuturta. In wannan abin abinci ne, ya zo nan gabana shi da matarsa su ci in gani da idona."

Ko yaro ya san baƙar magana ce. A Kukar Maje namiji a zaure yake cin abinci. Ɗan fari ba ya tauna a gaban uwarsa, matar ɗa kuwa ko ruwa za ta sha sai ta juya wa surukarta baya. Lantana, tun da aka kawo ta, Inna ba ta taɓa ganin loma ta shiga bakinta ba.

Nomau ya ce, "To, Inna." Ya tashi ya ɗauko tabarma, ya shimfiɗa a tsakiyar ɗakin uwarsa. Ya leƙo. "Lantana, wanko hannu."

"Maigida, don girman Allah..."

"Ta ce ni da matata."

"Ba haka take nufi ba."

"Haka ta ce."

Ya tsaya riƙe da labule, ta kuma san zai iya tsayawa a haka har gobe. Ta shigo kamar wadda ake kai wa yanka, ta zauna a can ƙarshen tabarmar, ta ja mayafi har hanci. Inna ta tashi zaune a kan gado, baki a buɗe. Daidai nan Kawu ya yi sallama ya leƙo.

"Innalillahi! Nomau, a gaban Yaya? Da matarka? Kai, wannan ya wuce wauta, ya zama rashin ta-ido!"

"Gani za ta yi, Kawu," in ji Nomau. Ya yi bisimilla, ya ɗebi acca da zogale ya kai baki.

Ya tauna. Ya ƙara taunawa. Fuskarsa ta tattare kamar tsohuwar jaka. Da yake bai iya ƙarya ba, ya haɗiye da ƙyar, ya dubi uwarsa ya ce, "Inna, gaskiyarki. Wannan ba abinci ba ne. Ko dusar da nake dama wa tumaki ina sa mata kanwa."

Lantana ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Hawaye suka cika mata ido. Ashe duk kwanakin nan abin da ke hana Inna ci ke nan, kunya ta hana tsohuwar ta kushe girkin matar ɗanta, ita ma kunya ta hana ta tambaya.

Inna ta dubi yarinyar, ta ga kafaɗunta na rawa a ƙarƙashin mayafi. Ta sauko daga gadon a hankali, ta miƙe ƙafar mai ciwo, ta zauna a tabarmar. Ta jawo kwanon ta shinshina.

"'Yar nan, share idonki. Malamar ta hana daddawa?"

"A'a, Inna." Da ƙyar aka ji ta.

"Albasa fa? Tattasai?"

"Ba ta ambata ba."

Nomau ya ce, "Ba ta hana ba. Ina wurin. Mai da gishiri ta ce a rage, ba ta ce a kore su ba."

"To tashi. Zogale ba a yi masa haka, ba laifin da ya yi miki. Matse ruwan tas. Daka ƙuli-ƙuli kaɗan, ki yanka albasa da tumatir, ki matsa lemon tsami, gishiri ɗan abin da yatsu biyu za su ɗauka. Accar nan kuwa turara ta ake yi, ba a jiƙa ta kamar wanki. Kawo mini turmin nan ƙofa, ba za ki iya dakan yadda nake so ba."

Ranar Inna ta fito tsakar gida. Tana zaune a inuwa, ƙafa a kan kujera, tana ba da umarni kamar ana shirin garar 'yar sarki. Da aka gama aka dawo kan tabarmar, don Nomau ya ce ai Inna ba ta riga ta ga matarsa ta ci ba. Lantana ta kai loma ta ƙarƙashin mayafi. Inna ta yi kamar tana kallon bango, ta sa hannu a kwanon ita ma. Kawu ya gama salatinsa, ya ga ba mai kula shi, ya wanko hannu.

Washegari da aka sauke girki, Nomau ya naɗo tabarma ya nufi ɗakin Inna. Lantana ta tare shi a hanya ta ce ai an gama jiya. Ya ce Inna ta ce su ci ta gani, kuma har yanzu ba ta ce ta gama gani ba. Inna tana jin su daga ciki, ba ta hana su shiga ba. Tun da kuwa abin da Inna za ta ci shi za su ci, ƙaramar tukunyar ta yi kaɗan, aka kife ta a bayan madafa, aka koma babbar. Yau dambun acca da rama, gobe wake da alayyafo da busasshen kifi, jibi ɗan tuwon dawa a cikin miyar kuɓewa mai yawa. A unguwa aka yi ta surutu, wasu suka ce Nomau ya ƙarasa zubar da kunyar gidan. Lantana takan ji a bakin rijiya, ta sunkuyar da kai ta ja gugarta. Ta dai san kwano yanzu a share yake komawa madafa.

Da sabon wata ya kama suka tafi asibiti. Malama ta soki yatsa, ta duba na'urar, ta sake dubawa. Ta kwance tsumman ƙafar da kanta. Duhun ya ja baya, tsakiyar gyambon ta yi ja da sabon nama.

"Birni ya jira tukuna," in ji ta. "Duk abin da kuke yi a gidan nan, ku ci gaba da shi."

"To, Malama," in ji Nomau.

Da yamma Kawu ya shigo ya tarar da su ukun a tabarma, mayafin Lantana ya zame har kafaɗa ba ta ma sani ba. Ya tsaya a ƙofa ya girgiza kai.

"Yaya, wai har yanzu ba ki gama ganin ba?"

Nomau ya tsayar da lomarsa a iska yana jiran amsa. Inna ta tura ɓangaren da kifin ya fi yawa zuwa gaban Lantana, ba ta ɗago ba.

"Ban gama ba," in ji ta. "Idon nawa ya tsufa, a hankali yake gani."